Amsoshin Tambayoyinku: Karyewar DNA da Alƙiblar Rabuwar Ƙwayar Halitta

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto mana tana cewa: "In DNA ya lalace, me ya haɗa shi da gefen da ƙwayar halitta ke fuskanta lokacin da za ta rabu biyu?"

To Malama, mun gode. Kafin ƙwaya ta rabu, sai ta kafa turaku biyu da ake kira sentirosom, ɗaya nan, ɗaya can. Daga jikinsu zaruruwa ke fita. Wasu su kama kuromosom, wato ƙunshin DNA (guda 46 a ƙwayar ɗan Adam), da aka riga aka ninka, wasu su miƙe har bangon ƙwayar, inda furotin LGN da NuMA da dainin ke jan su. Duk inda turakun suka tsaya, a tsakaninsu ƙwayar za ta tsage.

Idan DNA ya karye, misali saboda tururin radiyeshan mai ƙarfi, furotin ATM na cikin masu fara amsawa, ya tayar da furotin Chk2 da p53, su tsayar da ƙwayar har a yi gyara. A nan gizo ke saƙar. Sau ɗaya tak ya kamata sentirosom ya ninku a kowane zagaye, amma in jiran ya yi tsawo yana iya sake ninkuwa. Sai a wayi gari da turaku uku ko huɗu, kowanne na ja gefensa, rabon kuromosom ya rikice. Tun a 1914 masanin Jamus Theodor Boveri ya danganta irin wannan rikicewa da ciwon daji.

A ganinmu, babu inda abin ya fi tsanani kamar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. A can, alƙiblar rabuwa na cikin abubuwan da ke tantance ko 'ya'yan ƙwayar tushe, wato uwar da sauran ƙwayoyi ke fitowa daga gare ta, za su ci gaba da hayayyafa, ko su zama ƙwayoyin jijiya. Furotin MCPH1 na aiki biyu: yana taimakawa wajen gyaran DNA, yana kuma riƙe Chk1, furotin da ke hana ƙwaya rabuwa kafin lokaci, a kan sentirosom. Binciken da aka wallafa a 2011 kan ɓerayen da ba su da shi ya nuna ƙwayoyin na shiga rabuwa kafin sentirosom ya gama girma, zaruruwan su karkace, ƙwayoyin tushe su ƙare da wuri. A jikin ɗan Adam, tawayar MCPH1 na cikin dalilan haihuwar jariri da ƙaramin kai.