Kirista da Rantsuwar Ɗakin Asiri: Lacca a Kan Firimesin da Makamantanta

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Rabaran, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata da nake hangowa can baya, 'yan'uwa maza, na gode da wannan dama. Na bayan suna jina? To madalla.

An ce in yi magana a kan ko Kirista zai iya zama ɗan Firimesin ko wata ƙungiya irinta, bangaskiyarsa kuma ta zauna lafiya. Zan roƙe ku abu guda tun daga farko, mu ajiye labaran kasuwa a waje. Kowa a nan ya taɓa jin cewa suna shan jini, suna ba da 'ya'yansu don kuɗi. Idan da wannan kaɗai za ka je wurin ɗan ƙungiyar, zai yi dariya ya ce ƙarya ne, daga nan kuma ba zai sake sauraron ka ba, ko da ka zo da gaskiya. Abin da suka rubuta da hannunsu ya ishe mu aunawa.

Ƙungiyar a tsarinta na yau ta faro ne a Landan a 1717, lokacin da wasu ɗakunan taro huɗu, waɗanda suke kira loj, suka haɗu suka kafa babban loj guda. Asalinta yana komawa ga ƙungiyoyin magina masu sassaƙa dutse, shi ya sa alamominta kayan gini ne, kusurwar awo da kamfas da farin bante na aiki. A 1723 aka buga kundin dokokinta, wanda ya tsara shi kuma fasto ne, James Anderson, na ɗarikar Firesbiteriyan. Ku riƙe wannan, domin yana nuna cewa waɗanda suka kafa ta ba su ɗauki kansu maƙiyan ikkilisiya ba. Turai ta gaji da yaƙe-yaƙen addini, Katolika da Furotesta sun yi ta kashe juna, sai waɗannan mutane suka nemi ɗaki guda inda za a bar gardamar addini a ƙofa. Kundin ya ce abin da ake bukata ga mamba shi ne addinin da dukan mutane suka yarda da shi, sauran ra'ayinsa kuma ya riƙe abinsa. Mu da muka ga abin da rikicin addini ya yi wa Kaduna da Jos, ba za mu raina wannan buri ba.

Amma mu leƙa mu ga yadda ake shiga. Mai neman shiga ana raba shi da kuɗi da duk wani ƙarfe da ke jikinsa. A buɗe masa ƙirji ta hagu, a naɗe ƙafar wando guda har gwiwa, a ɗaure masa idanu, a rataya masa igiya a wuya. A ƙwanƙwasa ƙofa, a gabatar da shi a matsayin matalauci da ke cikin duhu yana neman haske. Sai a kai shi ya durƙusa, ya ɗora hannu a kan littafi mai tsarki, ya rantse zai ɓoye asiran da ba a riga an gaya masa ba. Bayan ya gama rantsuwa ne ake kwance masa idanu.

'Yan'uwa, a nan nake so mu daɗe. Wannan mutum wataƙila dattijon ikkilisiya ne, an yi masa baftisma shekara talatin da suka wuce, ranar Lahadi shi ya raba Jibin Ubangiji. Yesu ya ce a Yahaya 8:12 shi ne hasken duniya, mai binsa ba zai yi tafiya cikin duhu ba. To da wane baki mutumin nan zai tsaya a ƙofar wasu a ce yana cikin duhu, ya kuma amsa? Za su ce maka ai wasan kwaikwayo ne, alama ce kawai ta neman sani. Na ji. Sai dai an yi wasan a durƙushe, hannu a kan Littafi, an kuma kira sunan Allah ya zama shaida.

Rantsuwar kanta a tsohon tsarinta tana ɗauke da hukunci, cewa idan ya tona asiri a yanke masa maƙogwaro a tumɓuke harshensa. A 1986 babban loj na Ingila ya cire wannan daga cikin kalmomin rantsuwar, saboda sukar da ta yi yawa. Charles Finney, mai wa'azin farkawa na Amurka, ya taɓa zama ɗan ƙungiyar, ya bar ta bayan tubansa, daga baya ya yi rubutu yana sukar irin waɗannan rantsuwoyi. Tambayar mai sauƙi ce. In da gaske ake nufi, to mutum ya ba da ransa jingina a kan abin da bai sani ba. In kuma wasa ne, an ambaci sunan Allah a banza. Matiyu 5:37 ya ce i ɗinku ya zama i, a'a ya zama a'a. Wa a cikinku zai sa hannu a farar takarda ya miƙa wa wani ya ce ya rubuta abin da ya ga dama a sama? Hirudus ya yi irin wannan alkawari a gaban baƙinsa, kun san kan Yahaya Maibaftisma ne ya ƙare a faranti.

Abu na biyu shi ne addu'a. A loj ana buɗe taro da addu'a, ana rufewa da addu'a. Ana kiran Allah da sunan Babban Mai Zanen Ginin Duniya, domin Kirista da Bayahude da Musulmi da ɗan Hindu kowa ya cika sunan da abin da ke ransa. A yawancin ɗakunan, sunan Yesu ba ya shiga addu'ar. Akwai banda, a ƙasar Suwidin tsarinsu Kirista kaɗai yake karɓa. A Faransa kuma babban reshensu ya cire sharaɗin gaskatawa da Allah gaba ɗaya a 1877, abin da ya raba shi da na Ingila.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana zama da wanda ba Kirista ba. Muna kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, muna zuwa sunan 'ya'yansu, suna zuwa mana ta'aziyya. Amma maƙwabcina Musulmi bai taɓa cewa in ɓoye Almasihu ba, ni ma ban taɓa cewa ya ɓoye addininsa ba. Kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya, shi ya sa akwai mutunci. Loj kuwa yana da bagade nasa, da addu'a tasa, da hidimar jana'iza tasa, sannan ya ce shi ba addini ba ne. A tsarin Amurka, sa'ad da ake miƙa wa sabon mamba farin banten fatar ɗan rago, ana gaya masa yana tuna masa da tsabtar rayuwa da ake bukata don samun shiga loj na sama. Ku ɗora wannan kusa da Afisawa 2:8 da 9, inda aka ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba.

Me ikkilisiyoyi suka yanke? Katolika ce ta riga kowa. Fafaroma Clement na 12 ya haramta shiga tun 1738. Da sabuwar dokar cocin ta fito a 1983 ba ta ambaci sunan ƙungiyar ba, wasu suka zaci an sassauta, sai ofishin koyarwa na Fadar Fafaroma, a ƙarƙashin Kadinal Ratzinger, ya fitar da sanarwa a watan Nuwamba na shekarar cewa haramcin yana nan, wanda ya shiga kuma ba zai karɓi Jibi ba. An sake jaddadawa a 2023, amsa ga tambayar wani bishop daga Filifin. Metodis na Birtaniya sun shawarci mambobinsu kada su shiga a 1985. Cocin Ingila ta karɓi rahoto a 1987 mai cewa akwai dalilai masu nauyi na shakkar jituwar biyun, ko da yake Geoffrey Fisher, wanda ya yi Akbishop na Kantabari daga 1945 zuwa 1961, ɗan ƙungiyar ne. Baftis na Kudancin Amurka a 1993 sun lissafa abubuwan da suka saɓa wa bangaskiya, sannan suka bar wa kowa lamirinsa. A ganina wannan tsoro ne, don mambobinsu da yawa suna ciki.

Mu dawo gida. Firimesin ta iso Legas tun ƙarni na 19, ta hannun Turawa. A 1914 wani limamin Angilikan a Legas, T.A.J. Ogunbiyi, ya kafa ƙungiyar Ogboni ta Kirista (Ogboni tsohuwar ƙungiyar asiri ce ta Yarabawa), wadda daga baya ta buɗe ƙofa ga mabiya wasu addinai ta zama Reformed Ogboni Fraternity. Gwamnatin soja ta hana ma'aikatanta shiga ƙungiyoyin asiri a 1977, tsarin mulkin 1999 kuma a sashe na 38 ya ce 'yancin addini bai ba kowa ikon zama ɗan ƙungiyar asiri ba. Su Firimesin suna cewa ba su cikin wannan rukuni, tun da an san gine-ginensu da shugabanninsu. Wannan gardamar lauyoyi ce. Kuma kada a haɗa su da ƙungiyoyin ɗalibai masu sara da adda a jami'o'i, ko da ƙungiyoyin taimakon jama'a irin su Rotary da Lions, waɗanda ba su da rantsuwar asiri.

Yanzu ga inda zan taka mana ƙafa. Me yake kai mutum can? Da wuya ka sami wanda ya je neman sabon tauhidi. Yana neman wanda zai ɗaga masa waya in aka kore shi daga aiki, wanda zai biya wa marayunsa kuɗin makaranta. Suna kuwa yin wannan, suna ba da sadaka mai yawa, musamman a Ingila da Amurka. Wani fada a Amurka, Michael McGivney, ya gane haka. Ya ga mazan cocinsa suna bin ƙungiyoyin asiri saboda in maigida ya mutu iyali su shiga uku, sai ya kafa Knights of Columbus a 1882, da asusun taimakon gwauraye. Katolika a Najeriya sun yi makamancin haka da Knights of Saint Mulumba a 1953. Mu fa? Mutum ya yi shekaru yana ba da baiko da zakka, ya mutu, zumuntar maza ta zo ta yi waƙa uku ta ci shinkafa ta watse. Wata shida bayan haka, wa ya san ko matarsa ta biya kuɗin haya? Zumuntar Mata ma sun fi mu, gaskiya ce, su aƙalla suna komawa su duba.

Hukuncina dai, Kirista ba shi da wurin zama a can, saboda rantsuwar da kuma addu'ar da ta bar sunan Yesu a waje. Amma dattawa, in wani ya zo muku ya ce yana ciki kuma yana son fita, kada ku fara da shelarsa a bagade. Abin da ya fi damunsa shi ne rantsuwar da ya yi. Ku buɗe masa Littafin Firistoci 5:4 zuwa 6, inda aka yi maganar wanda ya yi rantsuwa da garaje bai san abin da ke ciki ba, in ya gane sai ya hurta laifinsa a yi masa kafara. Ya rubuta musu takardar murabus, ya mayar musu da kayansu, ya kuma gaya wa matarsa da bakinsa, don kada ta fara sani ranar jana'iza, sa'ad da wasu mutane za su iso da fararen bantuna su ce gawar tasu ce. Wanda ya sami aikinsa ko kwangilarsa ta hannunsu kuwa, zumuntar maza ta zauna ta lissafa abin da za ta yi masa in ƙofofin nan suka rufe.

Shugaba yana nuna mini agogo. Masu tambaya su ɗaga hannu, mu fara daga wannan ɓangaren.