Rabi mutum, rabi ganye: adon da aka tono daga fadar Nero

Ku ƙiyasta wani zane a jikin bango. Mace ce daga kai zuwa ƙugu, daga nan jikinta ya rikiɗe ya zama ganye mai nannaɗewa. A kanta siririn kara ne, karan na ɗauke da rumfa, tsuntsaye biyu na kan rumfar. Italiyawa na kiran wannan ado grottesche.

Bayan gobarar da ta cinye Rum a shekarar 64, Sarki Nero ya gina katafariyar fada, Domus Aurea. Daga baya aka cike ɗakunan da ƙasa, Sarki Trajan ya ɗora gidan wanka a kai. Wajen 1480 masu zane suka riƙa sauka ciki da igiya da fitila kamar masu shiga kogo, suna kwafar wannan ado da ke jikin rufi. Masu zane biyu, Raphael da kuma Giovanni da Udine, suka cika barandar Vatican, fadar Paparoma, da shi tsakanin 1517 da 1519.

To me yake nufi? Rikiɗa. Tsiro na haifar dabba, dabba na haifar mutum, halitta ba ta tsaya cak ba. Amma ku lura, duk wannan hargitsin yana da linzami. Mai zane kan fara ja layi a tsakiya, abin da ke dama dole ya maimaitu a hagu. Yakan zana rabi a takarda, ya huhhuda layukan da allura, ya buga garin gawayi ta ramukan, sannan ya juya takardar ya fitar da ɗaya rabin. Ana shafa launi tun shafen farar ƙasa na da danshi. In ya bushe, launin ba ya kamawa, sai ya riƙa ɓamɓarewa. Inda ake son adon ya taso, ana kwaɓa farar ƙasa da garin farin marmara.

Ba kowa ya yarda da wannan ado ba. Tun zamanin Sarkin Rum Augustus, kafin Nero, magini Vitruvius ya yi ƙorafin cewa kara ba zai ɗauki rufi ba, irin waɗannan halittu kuma babu su. A 1582 Kardinal Gabriele Paleotti, babban malamin cocin Katolika, ya ce bai dace da coci ba, don zanen wurin ibada aikinsa koyarwa ne. A daidai shekarun nan kuwa ake lulluɓe rufin barandar ginin Uffizi a birnin Florence na Italiya da shi.