Elora da Daulatabad: inda aka sassaƙa dutse don a shiga, da inda aka sassaƙa shi don kada a shiga

Ku ɗaga kai ku dubi wannan rufin. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro a Kano ko Zariya zai ce ya san shi, ga bakan gizo nan jere reras, wani na bin wani har ƙurya. To amma a nan babu azara ko guda, babu katako, babu ƙusa, babu laka. Abin da kuke gani dutse ne guda ɗaya. Rufin da ginshiƙan da daɓen da muke tsaye a kai, har da mutum-mutumin can da ke zaune a ƙurya, duk jikin tsauni ɗaya ne aka rarake. Ba a kawo komai daga waje ba, fitarwa kawai aka yi ta yi har abin da ya rage ya zama ɗaki.

Wannan shi ne kogo na 10 a Elora, cikin jihar Maharashtra da ke yammacin Indiya, kimanin kilomita 30 daga birnin da aka daɗe da sani da Aurangabad, wanda yanzu aka sauya wa suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar. Mabiya addinin Buda ne suka sassaƙa shi a wajen shekara ta 650. Mutanen yankin suna kiransa bukkar kafinta, kuma ba a banza ba. Kafin su koma ga dutse, da itace suke gina wuraren ibadarsu, saboda haka da mai sassaƙa ya tashi aiki sai ya kwaikwayi abin da idonsa ya saba gani, ya fitar da haƙarƙarin katako a jikin dutse, alhali ba su riƙe komai ba. Ado ne kawai, da sabo. Idan mutum ya yi magana a ciki, muryar sai ta kewaya ta dawo masa da kauri, shi ya sa za ku ga masu yi wa baƙi jagora suna tsayawa su rera wani abu don a ji amon.

Kogwannin da aka sa wa lamba a Elora 34 ne, jere a fuskar tsauni tsawon fiye da kilomita 2. Na 1 zuwa na 12 na 'yan Buda ne, na 13 zuwa na 29 na 'yan Hindu, biyar na ƙarshe kuma na mabiya addinin Jain. An yi su ne tsakanin wajen shekara ta 600 zuwa ta 1000. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1983, kuma hotonsa ne a bayan takardar kuɗin Indiya ta rufi 20.

Me zai kai mutum ya haƙa dutse don ya sami wurin kwana? Damina ce. Masu zuhudun addinin Buda ana ce musu bikku, ma'anarsa mai bara. Ba su noma, ba su kasuwanci, yawo suke yi da ƙoƙo suna karɓar abin da aka ba su. Amma dokarsu ta ce idan ruwa ya sauka, su zauna wuri ɗaya har wata uku, don kada su tattake shuka da ƙananan halittu. Wanda ya san ruwan saman yammacin Indiya ya san bukkar ciyawa ba ta jure masa shekara da shekaru. Kogo kuwa ba ya yoyo, gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi, kuma da bazara sanyi gare shi kamar randa.

Dutsen ma ya ba da haɗin kai. Baƙin dutse ne da aman wuta ya shimfiɗa a wannan yanki shekaru wajen miliyan 66 da suka wuce, hawa kan hawa. Yana saruwa da guduma da ƙarfen sassaƙa, kuma idan an rarake shi ba ya ruftawa. Dabarar ita ce a fara daga sama. Sai a huda ta wajen da rufi zai kasance, a gama rufin tsaf, sannan a riƙa cin ƙasa ana sauka, ana barin dutse a duk inda ake son ginshiƙi. Mai aiki kullum a kan dutsen da bai sare ba yake tsaye, don haka ba ya bukatar tsani. Aibin wannan hanya guda ɗaya ne: abin da ka sare ya saru. Magini idan ya yi kuskure sai ya rushe ya sake kwaɓa ƙasa. Mai sassaƙa idan hannunsa ya zarce, shi ke nan.

Ku zo mu leƙa kogo na 5. Zaure ne mai tsawon mita 35, kuma ga wasu dakali biyu gajeru da suka miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Masana sun rabu a kansu, wasu sun ce wurin cin abinci ne, wasu sun ce na karatu. Ni dai da na dube su, makarantar zaure suka tuna mini, ɗalibai a jere kowa da littafinsa a gaba. A gefe kuma ga ƙananan ɗakunan kwana, kowanne bai wuce mutum ya miƙe ƙafa ba. Kogo na 12 bene ne hawa uku, daga waje sai ka rantse ɗakunan kwanan ɗalibai ne na wata jami'a. Maƙwabcinsa na 11 an daɗe ana ce masa mai hawa biyu, sai a 1876 aka kwashe ƙasa aka tarar ashe akwai na uku binne a ƙarƙashi.

Yanzu tambayar da ta fi muhimmanci: mutumin da dukiyarsa ƙoƙo ne da mayafi, wa ya biya masa wannan aiki? Fatake ne da sarakuna. Elora na bakin tsohuwar hanyar ayari da ta taso daga Paithan, babban birnin kasuwanci a bakin kogin Godavari, ta nufi arewa da kuma tasoshin jiragen ruwa na yamma. Ayari na bukatar zango, ruwan sha da wurin fakewa, mai zuhudu na bukatar sadaka. Kowa ya sami abin da yake so. Da hankalin masu bayarwa ya karkata wani wajen, sai aikin 'yan Buda ya tsaya. A ƙarni na 8 sarki Krishna na ɗaya, na daular Rashtrakuta, ya zuba dukiyarsa a kogo na 16, wato haikalin Kailasa na 'yan Hindu, inda aka yanko tsauni daga ƙoli zuwa gindi aka kwashe dutsen da aka ƙiyasta ya kai tan 200,000. Wannan labarin wata rana ne. Abin lura dai shi ne ba su rushe na 'yan Buda ba, gaba kawai suka matsa suka buɗe nasu.

To, ku riƙe zancen hanyar nan, mu hau mota. Kilomita 15 ne kacal.

Wancan tsaunin mai kama da malfa, wanda ya tashi shi kaɗai a tsakiyar fili har mita 200, shi ne Daulatabad. Ku lura da gindinsa. Kun ga yadda ya miƙe sak kamar an yanka sabulu? Ba halitta ba ce, hannu ne. Irin dutsen Elora ne, irin kayan aikin ne, sai dai a nan an aske gefen tsaunin ne kewaye, tsayin wajen mita 50, sumul, yadda babu inda yatsa zai kama. A ƙasansa kuma aka haƙa gwalalo a cikin dutsen aka cika da ruwa, har ana cewa da kadoji a ciki.

Sunansa na farko Devagiri, wato tsaunin alloli. Sarki Bhillama na biyar, na daular Yadava, ya mai da shi babban birninsa a wajen 1187, kuma sarakunan da suka yi ta gadon wurin kowa ya ƙara tasa ganuwar. Ƙofofin ba su kallon juna, sai ka yi kwana kafin ka isa ta gaba, don kada giwa ta sami filin taho da gudu. Ƙyamaren kuma an kafe su da tsinin ƙarfe daidai goshinta. Idan ka tsallake duk wannan, ka ƙetare gwalalo, hanya ɗaya ce ta rage zuwa sama, kuma ta cikin dutsen ta bi. Ana ce mata Andheri, wato duhu. Rami ne mai karkace-karkace, matattakalarsa ba daidai ba, wata gajera wata doguwa, ga warin jemagu, ga lungunan da ba su kai ko'ina. A bakin fita daga sama akwai inda ake ɗora faifan ƙarfe a hura wuta a kai, zafi da hayaƙi su cika ramin.

Da wannan shiri sai ku ce ai ba mai cin wannan gari. An ci shi, ba sau ɗaya ba, kuma ba ta ramin aka bi ba. A 1296 Alauddin Khalji, lokacin yana gwamna a ƙarƙashin baffansa Sarkin Delhi, ya yi sammako da dawakai kimanin 8,000 a daidai lokacin da rundunar sarkin garin, Ramachandra, ta tafi wani yaƙin. Marubucin tarihi Firishta ya rawaito cewa a cikin gaggawa mutanen gari suka kwashe buhunan da fatake suka yar suka haye da su sama, a zatonsu hatsi ne. Da yunwa ta matsa aka kwance bakin buhu, sai ga gishiri. Ramachandra ya nemi sulhu ya biya da zinariya da lu'ulu'u. Da wannan dukiya Alauddin ya koma, ya kashe baffan nasa, ya hau gadon Delhi a wannan shekarar.

A 1327 kuma sai ga Sarki Muhammad bin Tughluq. Ya dubi taswira ya ga Devagiri ta fi Delhi zama tsakiyar ƙasarsa, ya sa mata suna Daulatabad, garin arziki, ya ba da umarnin manyan Delhi da malamai da iyalansu su tattara su koma can, tafiyar fiye da kilomita 1,000. An dasa itatuwa a hanya, an kafa zanguna, duk da haka mutane da yawa ba su kai ba. Ba a cika shekara goma ba ya ba da izinin a koma. Wanda ya ba mu labarin wannan zamani da idon shaida shi ne Ibn Batuta, mutumin Tanja ta Maroko, wanda ya yi alƙalanci a Delhi a ƙarƙashin wannan sarki. Ya shiga Daulatabad, ya ga ramukan kurkukunta, ya ce ɓerayen ciki sun fi kyanwa girma, har kyanwoyi gudunsu suke yi. Mu a nan sai mu ce gafiya ya gani. Kuma shi ne dai mutumin da a 1353 ya sauka a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullarta Gobir da Barno.

Ƙaurar ta ci tura, amma ta bar abu. Cikin waɗanda suka taso daga Delhi akwai shehunan ɗariƙar Chishtiyya, irin su Burhanuddin Gharib, almajirin Nizamuddin Auliya, kuma su ba su koma ba. Suna kwance a Khuldabad, wani ƙaramin gari a kan tudu tsakanin ganuwar da kogwannin. A nan Daulatabad kuwa, doguwar hasumiyar nan mai launin jan ƙasa, Chand Minar, ta zamanin sarakunan Musulmi na daular Bahmani ce, wajen 1445.

Akwai kuma ɗan Afirka a labarin. An haifi Malik Ambar a Habasha a 1548, aka sayar da shi yana yaro, ya bi ta Yaman da Bagadaza har ya faɗo wannan yanki a matsayin bawan soja. Ya sami 'yanci, ya tara runduna, ya zama shi ke naɗa sarki a daular Ahmadnagar. Fiye da shekara 20 yana hana daular Mughal sakat da yaƙin sari-ka-noƙe, har takaici ya sa Sarkin Mughal Jahangir ya sa aka zana masa hoton kansa yana harbin kan Ambar da kibiya, abin da bai taɓa samu a fili ba. Ganuwar waje ta Daulatabad sunansa take ci, Ambarkot. Shi ya kafa garin Khadki a 1610 ya janyo masa ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, garin da ya zama Aurangabad. Ya rasu a 1626. Bayan shekara 7 Mughal suka kewaye Daulatabad wata da watanni, abinci ya ƙare, ciwo ya shiga, Fath Khan ɗan Ambar ya miƙa makullai.

Kabarin Ambar na Khuldabad, ƙarƙashin ƙubba ta baƙin dutse. Ba nisa da shi akwai na Aurangzeb, jikan Jahangir, wanda ya rasu a 1707. Mutumin da ya mulki kusan dukan Indiya ya yi wasiyya a bar kabarinsa ƙasa zalla, babu rufi, kuma haka yake, sai dai shingen farin dutse da aka kewaya masa daga baya. Daga nan hanya ta gangara, kilomita 3 ko 4, ta sauke ku a ƙofar Elora.

Idan Allah ya kai ku, kada ku je Elora ranar Talata, a rufe take. Daulatabad kuwa ku hau ta da sassafe kafin rana ta buɗe, matattakala ce wajen 750, ku riƙe gorar ruwa da tocila, kuma ku ɓoye abin da ke hannunku na ci, don birai na nan zaune a kan ganuwa suna jira.