New Nigerian: jaridar da iyayen gida suka yi wa yawa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, iyaye da 'yan'uwa, barkanmu da war haka.

Ranar 1 ga Janairu 1966 New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna. Ku riƙe wannan rana, domin mako biyu bayanta aka kashe Sardauna Ahmadu Bello, wanda gwamnatinsa ta Jihar Arewa ta kafa jaridar. Tun tana jaririya ta zama marainiya.

Ba daga sama ta faɗo ba. Akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, sannan Nigerian Citizen ta Turanci. Amma Arewa na bukatar jaridar kullum da za ta amsa wa jaridun Legas, kuma ta samu. Zamanin da Adamu Ciroma yake edita, daga baya Mamman Daura, babban ma'aikaci ba ya fara aiki sai ya duba sharhin da ke shafin farko. Shafin mai sharhin nan da ke sa hannu da sunan Candido kuwa, manya ma tsoronsa suke ji. Jaridar gwamnati ce, amma tana gaya wa gwamnati gaskiya, kuma wannan ne nake so matasanmu su ji da kyau.

To, ina aka samu matsala? A ganina, wurin mallaka. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, sai jaridar ta koma hannun hukumar da ke kula da kadarorinsu na haɗin gwiwa. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe ta, lokacin da ta shiga mallakar jaridar Daily Times ma. Daga nan umarni ya koma fitowa daga Legas, kuma duk gwamnatin da ta hau sai ta taɓa shugabancin gidan. Mai karatu ba wawa ba ne. Da ya ga sharhi ya zama yabo, sai ya kai kuɗinsa wani wuri.

A 2006 aka mayar da ita ga jihohin Arewa 19. Mutane sun yi murna, amma gwamnoni 19 ne, kowa na jiran ɗan'uwansa ya biya kuɗin takarda da tawada. Albashi ya tsaya, injina suka tsufa, ma'aikata suka tafi fansho ba a sallame su ba, har jaridar ta daina zuwa hannun masu talla. Wannan abu yana ci mini rai, jama'a, domin a daidai lokacin Daily Trust, wadda 'yan kasuwa ke da ita, tana sayarwa kullum a titunan Kadunan nan.