Amsoshin Tambayoyinku: Wace unguwa ɗana zai zauna a Alƙahira?

Masu sauraro, wasiƙarmu ta gaba ta zo daga wani dattijo manomi a wani ƙauye kusa da Ringim. Ya ce ɗansa ya samu gurbin karatu a Jami'ar Azhar, amma bai samu ɗaki a masaukin ɗalibai ba, sai dai haya. Yana tambaya wace unguwa ce mai araha.

To Baba, Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Amma kafin maganar araha, a fara sanin inda tsangayarsa take. Shari'a da Usuluddini da Larabci na maza suna Darrasa, daf da masallacin Azhar. Likitanci da injiniya kuwa suna Madinat Nasr. Alƙahira gari ne na cunkoso, wanda ya bi sauƙin haya ya zauna nesa, abin da ya rage zai ƙare a kuɗin mota, ga gajiya, ga makara a darasi.

Masaukin da ya rasa shi ne Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, kuma ina ba da shawara ya sake nema. Kafin nan, yawancin ɗaliban Afirka suna haɗa kuɗi su kama gida a Hayyul Ashir ko Hayyus Sabi', cikin Madinat Nasr. A can zai samu 'yan gida da za su nuna masa kasuwa, su kai shi asibiti in ciwo ya kama shi da dare. Ni dai wannan ya fi mini komai muhimmanci ga yaron da bai taɓa wuce Kano ba. Zamalik da Ma'adi a bar wa ma'aikatan jakadanci, tsadarsu ta fi ƙarfin ɗalibi.

Baba, a ja masa kunne kan abu ɗaya: kada ya ba dillali, wanda suke kira simsar, ko sisi sai ya ga gidan da idonsa. A rubuta yarjejeniyar haya da sunansa, domin ana neman ta wajen takardar izinin zama, wato iƙama, a ofishin fasfo da ya koma Abbasiyya a 2019. Ya tanadi kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe, ban da la'adar dillali.

A sa masa bargo mai kauri a jaka. Sanyin Disamba da Janairu a can yana ratsa ɗaki, musamman gidan da rana ba ta shiga.