Hoton Hasashen Yanayi Ya Ƙi Fita: Daga Ina Za a Fara Bincike?

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna jina? To, madalla.

Kowa a cikinku ya san wannan labarin. Ka rubuta 'yar manhaja da za ta ɗauko bayanan yanayi, ta zana taswirar zafi da ta ruwan sama, ta ajiye hoto. Ka gwada da hannunka, komai ya tafi daidai. Sai ka damƙa aikin ga cron, wato agogon Linux da ke tayar da aiki a lokacin da aka ƙayyade masa, ka tafi gida. Gari ya waye, babu hoto.

Abin da ya faru shi ne, cron bai gaji zamanka a gaban kwamfuta ba. Kai kana da allo, shi ba shi da shi. Manhajojin zana bayanan yanayi irin su IDV ta cibiyar Unidata, wadda aka gina da yaren kwamfuta na Java, suna neman allo kafin su zana komai, ko da babu mai kallo. In ka ga kuskuren ya ambaci DISPLAY, kada ka wahalar da kanka. Sa Xvfb, wanda ke ƙirƙirar allo a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, manhajar ta zana a kansa. Masu aiki da matplotlib kuwa, wato manhajar zane ta yaren Python, ku umarce ta ta yi amfani da Agg, injin zanenta wanda bai damu da allo ba. Haka kuma cron ba ya karanta .bashrc ɗinka, wato fayil ɗin saitunan da ake lodawa in ka buɗe tagar ba da umarni, saboda haka bai san inda ka ajiye Python ɗin da ka saba da ita ba. Rubuta masa cikakken adireshin kowane abu. Kuma don Allah ku riƙa tura duk saƙon da manhajar ta fitar zuwa wani fayil. Wanda bai ajiye rahoton kuskure ba, lalube yake yi cikin duhu.

Wannan duk mai sauƙi ne, domin rashin hoto yana nuna kansa. Abin da ya fi damuna shi ne hoton da ya fito tsaf, launuka sun zauna, alhali na jiya ne. Wani zai kalle shi ya yanke shawara a kan shuka, ko tafiya, ko gargaɗin ambaliya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga yadda yake faruwa. GFS, tsarin hasashen hukumar NOAA ta Amurka, ana gudanar da shi sau huɗu a rana: ƙarfe 00, 06, 12 da 18 agogon UTC, wato agogon duniya. Amma zagayen 00 ba ya isowa ƙarfe 00. Sai an yi sa'o'i uku zuwa biyar ana lissafi, fayilolin kuma suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. In manhajarka ta yi sammako ba ta tarar da sabo ba, kuma ka ce mata ta ɗauki na ƙarshe da ke cikin jaka, na jiya za ta ɗauka, ba kuma za ta ce maka uffan ba. Shi ya sa nake nacewa a buga lokaci biyu a jikin kowane hoto: lokacin da aka gudanar da hasashen, da lokacin da hasashen yake magana a kansa. Kuma a ciro su daga cikin fayil ɗin kansa, kada a ɗauko daga agogon kwamfuta.

Akwai kuma fayil da bai gama saukowa ba. Kowane saƙo na GRIB, wato tsarin fayil ɗin da bayanan hasashen ke zuwa a ciki, yana farawa da haruffan GRIB, yana ƙarewa da 7777. In ƙarshen fayil ba 7777 ba ne, a jira, a sake gwadawa. Hoton da kake fitarwa ma haka: rubuta shi da sunan wucin gadi, sai ya kammala ka sauya masa suna, kada wani ya buɗe rabi.

In kuka ga zafi ya kai 300 a taswira, duniya ba ta kama da wuta ba, ma'aunin Kelvin ne, a cire 273.15. In rabin taswira ya ɓace, duba layukan gabas da yamma: GFS daga 0 zuwa 360 take ƙirgawa, wasu manhajojin kuma daga -180 zuwa 180.

Na ga hannu. Bismillah, malama.

Tana tambaya ne me ya sa aikinta ke fitar da hotunan farko lafiya, sannan ya mutu a tsakiya. Malama, ina kyautata zaton ba kya rufe kowane zane bayan kin ajiye shi. Matplotlib na riƙe su duka a ƙwaƙwalwa, har tana gargaɗi in sun haura 20, amma gargaɗin yana tafiya inda ba mai karantawa. Sa plt.close, umarnin rufe zane, bayan kowane hoto, ki bar shi ya kwana yana aiki. In ya sake mutuwa, ki kawo mini fayil ɗin rahoton gobe mu duba tare.