Wasiyyar da na rubuta da kaina a Ingila, da abin da lauya ta gano a cikinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ruwa ake yi a Manchesta, don haka a cikin mota zan yi muku maganar yau. Yanzun nan na fito daga ofishin lauya, kuma wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake.

Shekara biyu da suka wuce na samo fom ɗin wasiyya a intanet, na cike shi, na rubuta a raba dukiyata yadda Allah ya ce. Na sa hannu, uwargida da ƙanena suka yi shaida. Na ajiye a durowa, hankalina kwance.

Yau lauyar tana dubawa ta tsaya kan sunayen shaidu. Ashe a dokar wasiyya ta Ingila, wadda ake aiki da ita tun 1837, wanda ya sa hannu a matsayin shaida ba ya cin komai a cikin wasiyyar, shi da matarsa ko mijinta. Wato tumunin da na rubuta wa uwar 'ya'yana, da hannuna na soke shi ban sani ba. Shaidu biyu ake so waɗanda ba su da rabo, kuma su kasance tare a wurin lokacin da kake sa hannu.

A gida ba mu saba da wannan ba. Mutum ya rasu, a kira malami ko a je gaban alƙali, a biya bashi, a fitar da wasiyya in bai wuce sulusi ba, a raba sauran. Nan kuwa in ka tafi babu takarda ingantacciya, gwamnati tana da nata rabon. Matarka za ta ɗauki kayan amfaninka, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya rage. Ɗaya rabin na 'ya'ya ne. Iyaye fa? Ko kwabo. Hajiyata tana Katsina, ita ta sayar da gonarta na yi karatu, Allah ya yanka mata sudusi a cikin Suratun Nisa'i, amma dokar nan ba ta san da ita ba muddin ina da mata da 'ya'ya. Wannan shi ya fi taɓa ni.

Sai maganar gidanmu na nan Ingila. Ni da uwargida mun saya ne da sunanmu tare, a irin tsarin da in ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya ya zama na wanda ke raye, wasiyya ba ta isa ta taɓa shi ba. Sai an canza rajistar, kowa a san kasonsa, sannan nawa ya shiga gado. Fom ɗin da na samo a intanet bai tambaye ni wannan ba.

'Yan'uwana mata, ku saurara da kyau. Wadda aka ɗaura wa aure a nan Ingila a falo ko a masallacin da ba shi da rajistar aure, ba a kuma je an yi na hukuma ba, a idon doka ba matar aure ba ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2020. In mijin ya rasu ba wasiyya, ba ta cikin magada, sai dai ta shiga kotu neman haƙƙi tana cikin takaba.

Akwai kuma filina na gida. Lauyar ta ce in zan yi wata wasiyyar a Najeriya, a kula kada sabuwar ta ce ta soke duk na baya, ta tafi da ta nan. Su kuma mazauna Sikotilan, dokarsu daban ce, kada ku ɗauki tawa ku ɗora.

Shawarata, ku nemi lauya mai rajista wanda ya san rabon gado na Musulunci, domin a ƙasar nan kowa na iya buɗe shago ya ce shi marubucin wasiyya ne. Ni na fara zuwa wurin malam ya lissafa min kason kowa, sannan na kai wa lauya ta zuba shi a harshen da kotu ke ji. Mun kuma sa sunan wasiyyi, da wanda zai riƙe yara in mu biyun muka rasu kafin su kai 18.

Ranar Alhamis zan koma sa hannu, maƙwabtana biyu za su raka ni shaida. Yanzu bari in kira Hajiya kafin ta kwanta.